Kifin Banda daga Tsibirin Wiski

Tun da aka kawo Inna Hansai Landan neman magani, ba a taɓa ganin ta cinye abin da aka zuba mata ba. Da farko aka ce gajiyar jirgi ce. Daga baya aka ce sanyi ne bai karɓe ta ba. Da tafiya ta yi tafiya, sai likitanta a wani asibiti da ke Whitechapel ya zaunar da 'ya'yanta biyu ya faɗa musu gaskiya. Aikin da za a yi mata a ciki yana son mai ƙarfin jiki, ita kuwa kullum ramewa take yi. In ba ta fara cin abinci ba, shi ba zai sa mata wuƙa ba.

Badariyya ce babba, ita take riƙe da Inna a flat ɗinta na Barking, can hawa na uku. Ɗalha shi ne auta. Direba ne, yana jan ƙaramar bas ta wani mutumin Jos mai suna Israel, wanda yake kai masu yawon buɗe ido nan da can. Ɗalha ba mai yawan magana ba ne, kuma ba ya gaggawa, amma in ya sa abu a gaba sai dai a gaji a bar shi.

Babu abin da Badariyya ba ta dafa ba. Tuwon shinkafa da miyar taushe, fate, kunun gyaɗa, farfesun kaza. Inna sai ta ɗauki cokali, ta kai baki, ta ajiye, ta ce Allah ya yi albarka, ta juya fuskarta bango.

Wata Lahadi Ɗalha ya zauna a ƙasa kusa da gadon yana matsa mata ƙafa.

"Inna, ki faɗi abu ɗaya da ranki yake so. Ɗaya tak."

"Raina ba ya son komai, Auta."

"Ko a mafarki ne."

Ta lumshe ido har ya zaci barci ya ɗauke ta. Can ta ce, "Jiya na yi mafarkin tandata."

Inna ta yi shekara da shekaru tana bandar kifi a kan tandar nan tata a bakin kogi a Yawuri. Da wannan sana'ar ta rene su. Ɗalha yana tuna yadda take lanƙwasa tarwaɗa ta sa jelar a baki, ta soke da tsinke, ta jera a kan raga, hayaƙi yana tashi a hankali har kifin ya bushe ya yi ƙarau. Shi dai a lokacin ɗebo itace ne aikinsa, yawanci ma gudu yake yi ya tafi iyo. Bai taɓa tsayawa ya koya sosai ba.

Washegari ya shiga jirgin ƙasa ya tafi kasuwar Woolwich, ya zaɓo busasshen kifi mafi kyau da ya gani. Inna ta karɓa, ta kai hanci, ta miƙo masa.

"Wannan ai ya girme ka."

Bai yi fushi ba. Ya sayo kifin ƙanƙara da gawayi, ya haɗa wuta a 'yar barandar flat ɗin. Kafin hayaƙi ya kama kifin, na'urar da ke manne a silin ta fara ihu, maƙwabta suka fito suna buga ƙofa, Badariyya tana ba su haƙuri da Turanci tana harararsa da Hausa. Da ƙura ta lafa, Inna ta kira shi daga ɗaki.

"Ka daina wahalar da kanka. Kifin da ya sha ƙanƙara ba ya banduwa. Sai wanda aka fito da shi daga ruwa da safe ya hau wuta kafin azahar. A garin nan ina za ka same shi, kuma ina za su bar ka ka hura wuta?"

Ana cikin haka Israel ya buga masa waya.

"Malam Ɗalha, aiki ya samu. An yi booking, wasu Turawa ne abokan juna, za mu kai su Scotland, wani tsibiri wai shi Islay. Wiski za su je ɗanɗanawa gida-gida. Kai nake so, don kai kaɗai ne direban da na tabbata zai dawo da mu da ƙafafunmu."

"Oga, ka san ni da wannan harkar. Ka nemi wani."

"Na ce maka ka sha ne? Tuƙi kawai. Ka ajiye su, ka zauna a mota ka yi tasbihinka."

"Kuma ga jikin Inna."

"Na sani, Allah ya ba ta lafiya. Amma kai ma kana bukatar iska. Wurin fa babu komai sai tumaki da teku da kifi da hayaƙi. Duk inda ka juya ana ƙona wani abu."

Ɗalha ya gyara riƙon wayar.

"Kana ji na?"

"Kifi da hayaƙi ka ce, Oga?"

Badariyya ba ta so ba. Tana wanke kwanuka ta ce, "Wato ni ka bar ni da ita, kai ka tafi rakiyar mashaya."

"Yaya, kifi zan je nema."

"Kifin Landan ya ƙare ne?"

"Kin ji abin da ta ce."

"Na ji. Na kuma ji abin da likita ya ce. In ka dawo ka tarar an yi cancel ɗin aikin fa?"

"In na zauna ma haka za a yi. Gara in je."

Ya gindaya wa Israel sharaɗi biyu: ba zai ɗauki kwalba da hannunsa ba, kuma ba zai shiga ɗakin shan ba. Israel ya ce ya yarda, shi da kansa zai riƙa ɗora kaya, dama tumbinsa yana bukatar motsa jiki.

Hanyar doguwa ce. Suka kwana a Glasgow, da safe suka bi wata siririyar hanya mai zagaye duwatsu da tafkuna, har suka iso inda jirgin fito yake jira. Jirgin ya haɗiye motarsu tare da manyan motocin kaya. Ɗalha ya hau sama ya tsaya yana kallon ruwa. A Yawuri in kana fito kana hango ɗaya gaɓar. Nan kuwa sai da aka daɗe sannan wani baƙin layi ya bayyana can nesa, ya zama tudu, sannan fararen gidaje suka fito a jere a bakin teku kamar an wanke su an shanya.

Gidan wiski na farko yana gab da ruwa, dogon farin gini mai baƙin rufi, igiyar teku tana dukan bangonsa. Fasinjojin suka sauka suna ta murna kamar yara ranar salla. Ɗalha ya tsaya a waje. Ta wata babbar taga ya hango tukwanen jan ƙarfe masu dogon wuya, kowace ta fi ɗakin Inna na Yawuri girma. A tsakar gidan an jera gangunan katako har sun yi tsiri. Shi duk ba wannan ya dame shi ba. Hayaƙi ya gani yana fita ta wani ƙoƙon rufi, shuɗi-shuɗi, yana tafiya ƙasa-ƙasa, ba ya sauri. Irin hayaƙin da Inna take so ke nan.

Ya bi shi har bayan ginin. Wani ma'aikaci yana zuba wani baƙin abu a murhu da shebur. Ɗalha ya gaishe shi ya tambaya ko gawayi ne. Mutumin ya ce a'a, ƙasa ce. A fadamun tsibirin suke yanko ta kamar tubali, su shanya, ta bushe, sai ta ci wuta. Suna ce mata pit. Da hayaƙinta suke busar da sha'ir ɗin da ake yin wiskin. Ya ba shi guntu ya riƙe. Ba nauyi, duk saiwoyin ciyawa ne a ciki. Ɗalha ya tambaye shi ko ana bandar kifi da ita. Ya ce sosai ma, ya duba kantuna.

Tun daga nan ya zama duk inda ya sauke su, shi sai ya nufi cikin ƙauye. A Port Ellen wata budurwa mai kanti ta fito masa da jan kifi yankakke siri-siri a cikin leda. Tana murmushi ta ce wannan na musamman ne, sai da aka jiƙa shi a wiski kafin a sa masa hayaƙi. Ya gode mata ya ajiye. A Bowmore, garin da titinsa ya miƙe daga bakin teku har zuwa wata coci mai zagaye, aka ce nasu ba a jiƙa ba, amma da katakon tsofaffin gangunan wiski aka yi hayaƙin. Ya ajiye wannan ma. A Port Charlotte ya sami wanda babu ruwansa da wiski ko kaɗan. Ya danna shi da yatsa ta bayan ledar, yatsan ya nutse. Laushi tuɓus, da danshi, kamar yanzu aka fede shi.

"Sai an dafa?" ya tambayi mai kantin.

"A'a, haka ake ci. A ɗora a kan burodi."

Ɗalha ya hango fuskar Inna in ya miƙa mata wannan ya ce banda ce. Ya fita ya zauna a kan wani dutse yana kallon teku. Wayarsa ta yi ƙara, Badariyya ce.

"Ya jikin nata, Yaya?"

"Shayi ta sha da safe, rabin kofi. Da rana ta ce in kawar da kwanon, wai yana kallonta. Ka samu?"

"Akwai kifi, akwai hayaƙi. Banda ce babu."

"To ka dawo mana."

"Zan yi da kaina."

"Kai ɗin? Kai da ka kusa ƙona mini flat?"

"Nan babu silin."

Ranar da suka je Portnahaven, can ƙarshen tsibirin, fasinjojin suka shige wani ƙaramin gidan abinci, Israel ya ce za su daɗe. Ƙauyen ɗan mitsitsi ne, gidaje sun zagaye wani lungun ruwa. A kan duwatsun cikin ruwan wasu dabbobi ne kwance suna shan hantsi, masu ƙiba, kamar ayu. Wani masunci yana sauke bokiti daga kwale-kwalensa. Ɗalha ya leƙa ya ga kifi mai zanen shuɗi a baya, wani yana motsi ma. Taitus ne, wanda ake kai musu gida a cikin kwali da ƙanƙara. Ashe a nan yake yawo da ransa.

Ya saya, ya gangara bakin ruwa inda ba kowa. Ya tsinto busassun itatuwan da teku ta watso, ya sami wata tsohuwar waya ya ɗora a kan duwatsu. Ya fede kifin, ya lanƙwasa yadda yake tunawa, ya jera. Da farko abin ya yi kyau. Can sai mai ya fara ɗiga. Wutar ta tashi ta lashe ragar gaba ɗaya, kafin ya janye rabi ya zama gawayi, rabin kuma ya farfashe ya zube cikin toka.

"Ɗan saurayi, dafa su kake yi ko hukunta su?"

Da Turanci aka yi maganar, da irin harshen mutanen wurin mai nauyi. Wata tsohuwa ce tsaye a saman gangaren, da rigar sanyi mai kauri da takalmin roba. Ɗalha ya miƙe ya gaishe ta da ladabi. Ta ce sunanta Jane, gidanta ne wancan mai shuɗiyar ƙofa, tun ɗazu take kallonsa ta taga.

Ya faɗa mata komai, a hankali, yana neman kalmomi. Uwarsa, asibiti, tandar Yawuri. Ba ta ce masa sannu ba, ba ta kuma yi fuskar tausayi ba. Ta ce ya biyo ta.

A bayan gidan akwai wata 'yar rumfa, a ciki da tsohon duro na ƙarfe da aka huda masa ƙofa a ƙasa, da raga hawa biyu a ciki. Na mijinta ne, tun da ya rasu ba a hura shi ba. A gefe ga tarin pit, ga kuma wasu lanƙwasassun katakai. Ta ɗauko ɗaya ta ce waɗannan su ne masu daɗin hayaƙi, daga gangunan wiski aka ciro su.

"Ki yi haƙuri, Mama. Wannan ba zai yiwu ba. Mu ba ma sha, ko kusa da abincinmu ba ma so ya zo."

Ta dube shi, ta mayar da katakon. "Ba komai. Mijina ya sha rabonka da nasa."

Ta ce taitus mai ne da shi, ba zai jure wuta ba. Ɗan ƙanwarta yana fita da asuba, yana kamo wani farin kifi marar mai, za ta sa ya ajiye masa. Ta tambaya yaya yake so kifin ya zama. Ɗalha ya ƙwanƙwasa ƙofar rumfar da yatsa.

"Kamar haka."

"Mu tun yana da laushi muke sauke shi."

"Mu sai ya yi ƙara."

"Haƙoran mutanenku na ƙarfe ne?"

"A miya ake sawa, Mama. Miya ce take tashinsa."

Ta girgiza kai, amma ya ga abin ya ba ta sha'awa.

Washegari yana idar da sallar asuba ya ɗauki motar ya nufi Portnahaven. Israel ya leƙo ta tagar masauki ya ce in bai dawo kafin Turawa su gama karin kumallo ba, zai gaya musu direba ya gudu da wata tsohuwa. Kifin yana jiransa a bokiti, idanunsa garau. Ya fede, ya wanke, ya barbaɗa gishiri kaɗan. Ya feƙe tsinke daga wani ɗan icce da ke jikin shinge. Na farko da ya lanƙwasa ya karye a tsakiya. Ya tsaya ya rufe ido ya tuna hannun Inna. Ba da ƙarfi take yi ba, babban yatsa take sawa a ƙarƙashin kai, ta bi bayan a hankali har jelar ta zo da kanta. Na biyu ya lanƙwasu. Jane tana tsaye da kofin shayinta tana kallon zobban kifi suna cika ragar, ta ce ita tun da take ba ta taɓa ganin kifi yana cizon jelarsa ba.

Ya hura wuta da itacen bakin teku, ya bari ta zama garwashi, ya ɗora pit guda biyu don hayaƙi, ya rufe duron da jiƙaƙƙen buhu. Dole ya koma ya ɗauki fasinjoji. Jane ta ce ya tafi, ita ba inda za ta, za ta kula da wutar.

Ranar nan Ɗalha ya san hanyar Portnahaven kamar hanyar gidansu. Ya sauke su a gidan wiski, ya juyo, ya juya kifi, ya koma. Hanyar siririya ce, mota ɗaya take ɗauka, in tumaki suka hau sai ka jira su gama shawara. Kowa ya wuce ka sai ya ɗaga maka yatsa daga kan sitiyari, shi ma ya koyi ɗagawa. Duk zuwan da zai yi sai ya tarar hayaƙi ya fi na ɗazu kauri. Jane ta ce ta ƙara masa daga pit ɗinta mai kyau, wadda aka yanko kusa da teku, wadda ba ta ba kowa. Ya yi mata godiya har da rusunawa. Shi bai ji wani abu daban ba. Tun da ya zo tsibirin, rigarsa da shayinsa da bargon masauki duk ƙanshin nan suke yi, hancinsa ya riga ya saba.

Aka bar kifin a kan ɗumin toka ya kwana, da safe aka ƙara masa wuta kaɗan. Da ya zo ɗauka, ya ƙwanƙwasa ɗaya a jikin duron, ya yi ƙara. Jane ta gutsura ta tauna, ta daɗe tana taunawa, ta ce uwarsa jaruma ce. Ta naɗe masa su a takarda ta zuba a kwali. Ya so ya ba ta wani abu, ta ce in ya sake maganar za ta kira 'yan sanda ta ce ya ƙona mata bakin teku.

A cikin jirgin fito ba wanda ya ji ƙanshin kifin, don motar tana ƙasa. Sai da suka hau hanya, aka rufe gilasai, wani mai jan gemu a kujerar baya ya fara shinshine-shinshine.

"Wa ya fasa kwalba?"

Kowa ya duba jakarsa. Israel ya ce ba kwalba ba ce, kifin direba ne. Mai jan gemun ya ce wallahi, ko abin da ya yi kama da wallahi a bakinsu, ƙanshin nan daidai yake da kofin da ya fi masa daɗi a duk tafiyar, ko direba zai sayar masa guda biyu? Suka yi ta dariya. Ɗalha bai yi ba.

Israel ya sunkuyo ya ce masa da Hausa, "Kwantar da hankalinka, Malam. Hayaƙi ne ya haɗa su, ba giya ba. Ni na sha, na sani."

Da la'asar suka shiga Landan washegari. Bai ko je ɗakinsa ba, ya wuce Barking da kwalin a hannu. Badariyya ta buɗe ƙofa, ta dube shi, ta dubi kwalin, ta matsa masa. Inna tana kwance yadda ya bar ta, sai dai wuyanta ya ƙara tsawo. Ya durƙusa ya gaishe ta, ta amsa, ta tambaye shi hanya. Sannan ya buɗe kwalin ya zaro ɗaya ya sa mata a hannu.

Ta kai hanci. Ta kawar da kai da sauri.

"Warin asibiti yake yi."

Badariyya ta karɓa ta shinshina. Ta yi ƙasa da murya ta ce, "Gaskiya ne, Ɗalha. Kamar maganin nan da ake wanke ciwo da shi. Kai ba ka ji ba?"

Sai a lokacin ya ji. A cikin ɗakin nan mai ƙanshin turaren wuta da man zafi, kifin yana fitar da wani wari mai kaifi, irin wanda yake tarar mutum a ƙofar ɗakin asibitin da ake kwantar da Inna. Duk tsawon hanyar nan, abin da ta fi tsana a Landan shi ya ɗauko ya kawo mata har gado.

Badariyya ta fara rufe kwalin. "Bari in kai baranda."

"Dakata, Yaya."

Bai tashi daga durƙuson ba. Ya ɗauki wani ya sake miƙa wa Inna, ba kusa da hanci ba, a tafin hannu.

"Inna, na ɓata. Ban san inda na ɓata ba. Ki duba mini."

Ta so ta ƙi. Amma kifin yana hannunta, yatsunta kuma suka fara aikinsu tun kafin ta yanke shawara. Ta bi lanƙwasar da babban yatsa. Ta taɓa tsinken. Ta ƙwanƙwasa shi a jikin ƙarfen gado.

"Wa ya naɗe maka?"

"Ni ne."

"Ƙarya kake."

"Allah ni ne, Inna. Na farko ya karye."

Ta ɓalle shi biyu. Cikin fari ne mai ruwan zuma, a bushe, yana tashi sala-sala. Ta kai wannan ɓangaren hanci, ta daɗe.

"Da wane icce?"

"Ba icce ba ne duka. Ƙasa ce suke ƙonawa."

"Ƙasa." Ta dube shi kamar ya ce mata da ruwa suke hura wuta. "To ƙasar ce ta yi yawa. Hayaƙi ai ba a tura shi, bin kifi yake a hankali. Wa ka bar wa wutar?"

"Wata tsohuwa ce ta taimake ni. Da kyakkyawar niyya ta ƙara."

"Ban ce da mugunta ba. Hannunta ne da nauyi." Ta sake duba tsokar. "Fatar ce ta sha. Cikin bai mutu ba."

Ta ɗaga kai ta dubi Badariyya. Inna ba ta kiran sunan 'yar farinta, sai dai ta ce ke.

"Ke, ɗora ruwan zafi. Ki sa gishiri. A jiƙa shi, a ɗaye fatar duka, a zubar da ruwan farko. Akwai daddawa a gidan nan ko ita ma sai an je tsibiri?"

"Akwai, Inna."

Suka shiga kicin su biyu. Ɗalha yana ɗaye fata, Badariyya tana jajjaga. Ba a jima ba muryar Inna ta biyo su.

"Citta nawa kika sa?"

"Kaɗan."

"Kaɗan ɗinki na sani. Auta, zo ka kama ni."

Ya tallafe ta, ba ta fi nauyin yarinya ba, ya kawo ta kicin ya zaunar a kan kujera kusa da murhu, ya rufa mata bargo a ƙafa. Daga nan ta karɓi ragamar. A rage wuta. A ƙara albasa. Kada a juya da ƙarfi, kifin zai watse. Kuka sai an sauke za a kaɗa. Badariyya, wadda ta shekara goma sha wani abu tana girki a gidanta, ta koma 'yar aike.

"Miƙo in ji gishirin."

Aka ɗebo romo a ludayi da ɗan guntun kifi a ciki. Ta hura, ta kurɓa, ta tauna guntun a hankali.

"Har yanzu da ɗan warin a can ƙasa. Ƙara daddawa."

Aka ƙara. Ta sake karɓar ludayin ta shanye.

"Ba a jin gishirin miya ita kaɗai. Ke, ba ki da sauran tuwo?"

Akwai na rana da ta ƙi ci. Badariyya ta ɗumama, ta gutsuro kaɗan a ƙaramin kwano, ta zuba miya. Inna ta wanke hannu a kofin da Ɗalha ya riƙe mata. Ta yi loma ɗaya, ta yi ta biyu, tana ci tana faɗa. Wai tarwaɗa ta fi wannan zaƙi nesa ba kusa ba. Wai tsinken da ya feƙe ya yi kauri, ya yaga bakin kifin. Wai in da a Yawuri ne ta kai wannan kasuwa, sai an yi mata dariya.

Ɗalha yana tsugune a gefenta yana cewa, "Haka ne, Inna." Idonsa yana kan kwanon. Badariyya ta juya musu baya ta buɗe famfo, tana wanke ludayin da ta riga ta wanke.

Inna ta suɗe yatsunta, ta miƙa kwanon ba tare da ta dubi kowa ba.

"Ƙaro kaɗan. Ban gama jin gishirin ba."